Gani Ya Kori Ji: A Bar Mu Mu Ga Aikin Likita Kafin Mu Zaɓe Shi

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta



A kowane aji na makarantar nan, idan aka tambaya wa yake so ya zama likita, hannuwa da yawa ne za su tashi sama. Amma idan aka ƙara tambaya, wa ya san abin da likita yake yi daga safe har dare, sai hannuwan su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Abin da yawancinmu muka sani bai wuce farar riga ba, da abin sauraren ƙirji da yake ratayawa a wuya, da yadda ake gaishe shi da "dakta" cikin girmamawa.

Ra'ayina a wannan makon shi ne: ya kamata makaranta ta shirya mana hanyar ganin aikin asibiti da idonmu kafin mu zaɓe shi, kuma hanyar ta zama ta kowa da kowa, har da wanda ba shi da kowa a asibiti. Sannan takardar shaida da ake rubuta wa ɗalibi ta fito daga hannun wanda ya ga aikinsa da gaske. Waɗannan abubuwa biyu tare suke tafiya, zan kuma faɗi dalili.

Hanyar tana da tsawo

Bari mu fara da lissafi. Ni yanzu shekarata 13, ina aji biyu. Bayan wannan shekarar saura aji uku, a rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Wanda yake son likitanci dole ya shiga ɓangaren kimiyya, ko ya ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya irin na Kafin Hausa, ko na 'yan mata da ke Jahun da Taura. Can ma shekara 3 ne. A WAEC ko NECO sai an samu kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kyamistiri da Bayoloji. Sai JAMB, inda ake rubuta Turanci da darussan kimiyyar nan uku, maki 400 gaba ɗaya, kuma likitanci yana cikin fannonin da suka fi neman maki mai yawa. Bayan haka jami'a ta yi tata tantancewar.

Idan Allah ya sa an samu gurbi, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a Ahmadu Bello ta Zariya, karatun shekara 6 ne. Sai shekara 1 ta horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, sai shekara 1 ta bautar ƙasa. Ku tara ku gani: 1 da 3 da 6 da 1 da 1, shekara 12 ke nan. Idan ba a maimaita aji ba, ba a yi yajin aiki ba, zan kai shekara 25 ko 26.

To, wa zai kama tafiyar shekara 12 zuwa garin da bai taɓa tambayar yadda yake ba? Ko Kano za ka, sai ka tambayi kuɗin mota da inda za ka sauka.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka, sai ɗalibi ya gama digirin farko na shekara 4 kafin ya nemi makarantar likitanci. A cikin waɗannan shekaru yakan nemi izinin wani likita ya riƙa bin sa a wurin aiki. Ba ya taɓa mara lafiya, ba ya ba da magani. Yana tsaye a gefe yana kallo yana saurare, kamar inuwa. Idan ya zo neman gurbi, sai malamansa, wani lokaci har da likitan da ya bi, su rubuta wasiƙa su faɗi irin halinsa. A Ingila kuwa daga sakandare ake nema, malami ya rubuta wa ɗalibi shaida, kuma ana so ɗalibin ya nuna ya fahimci aikin, ko da ta hanyar taimakawa a gidan kula da tsofaffi ne.

Mu a Najeriya JAMB ba ta tambayar wannan. Maki take dubawa. Shi ya sa wani zai ce, to mene ne namu a ciki? Abin Turawa ne.

Ni ban yarda abin Turawa ba ne. Ku duba garinmu. Ɗan masunci yakan daɗe yana bin babansa bakin kogi, yana riƙe gora, yana kallon yadda ake jefa koma, kafin a bar shi ya shiga ruwa shi kaɗai. Ɗan wanzami zabira yake fara ɗauka. Yaron makanike yakan yi watanni ba abin da yake yi sai miƙa sifana. Yaron tela da sa maɓalli yake farawa. Ranar da aka yaye yaro kuma, idan zai kama aiki a wani wuri, ubangidansa ne yake cewa, "Yarona ne, na san hannunsa, ba ya ha'inci." Wannan maganar ita ce wasiƙar shaida, sai dai da baki aka yi ta. Mun san duk wannan tun kaka da kakanni. Abin mamaki shi ne, aikin da ran mutum yake hannunka shi ne kaɗai muke zaɓa ba tare da mun leƙa ba.

Dalili na farko: mutum ya san kansa

Akwai wanda yake cin Bayoloji ɗari bisa ɗari amma idan ya ga jini sai jiri ya kwashe shi. Akwai wadda ba ta iya jure wari. Akwai mai saurin fushi, wanda ba zai iya sauraren tsohuwa tana ba da labarin ciwonta tun daga damina ba. Ba laifi ba ne, kowa da yadda Allah ya yi shi. Amma gara ka gane haka kana shekara 15 da ka gane kana aji huɗu a jami'a, bayan mahaifinka ya sayar da shinkafar rani ya biya maka kuɗin makaranta.

Akwai kuma wanda bai taɓa tunanin asibiti ba, amma ranar da ya ga an kawo yaro ba ya ko ɗaga kai, aka sa masa ruwa, washegari ya tashi yana neman koko, sai zuciyarsa ta ce wannan aikin nake so. Irin wannan ɗalibin ba sai an bi shi da bulala ya yi karatun Kyamistiri ba, domin ya ga amfaninsa.

Dalili na biyu: asibiti ba likita kaɗai ba ne

Mu yara da mun ce asibiti sai mu ce likita. Amma wanda ya yi wuni ɗaya a can zai ga mai ba da kati, da nas, da ungozoma, da mai gwajin jini, da mai haɗa magani, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da jami'in lafiya na karkara da yake yawo da allurar rigakafi a kan babur. Idan ɗaya ya tsaya, aikin likita ma ya tsaya.

Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Gaskiya ce mai ɗaci, amma ba dukanmu za mu samu ba. Ɗalibin da likita kaɗai ya sani, idan makinsa bai kai ba, sai ya zauna a gida yana maimaita JAMB shekara da shekaru, ko ya ce karatu ya ƙare. Wanda ya ga sauran ayyukan kuwa ya san akwai kwalejin aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun, akwai fannin magunguna da na gwaje-gwaje a jami'o'i. Zai zaɓa da saninsa, ba zai ɗauka faɗuwa ya yi ba.

Dalili na uku: ciwon ƙasarmu

Kogin Haɗeja shi ne arzikinmu. Da shi muke noman shinkafa da alkama, a cikinsa muke kamun kifi. Amma yana zuwa da nasa cututtukan. Sauro ba ya ƙarewa a fadama, shi ya sa zazzaɓi ba ya ƙarewa. Yaran da suke wanka a kududdufi da magudanar ruwan noman rani suna kamuwa da tsargiya, har wasu suna ɗauka fitsarin jini alamar girma ce, alhali ciwo ne da yake da magani. A 2021 amai da gudawa ya addabi jihohin Arewa da yawa, har da Jigawa. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Haɗeja, hanyoyi suka yanke, mai naƙuda ma sai da kwalekwale. Ciwon ƙoda kuwa, kusan ba unguwar da ba a san wanda ake kai wa wankin ƙoda ba. A Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki tun 2008 a kan haihuwa da yoyon fitsari, saboda yawan matan da suke wahala wajen haihuwa a wannan yanki.

Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Wa zai zauna ya yi musu aiki? Likitan da aka turo daga nesa, Allah ya saka masa da alheri, amma yakan ƙosa ya koma kusa da iyalinsa. Likitoci da yawa ma barin ƙasar suke yi zuwa Saudiyya da Ingila. A ganina, yaron da ya fara ganin aikin likita a kan mutanen garinsu, ya ga layin mata ranar awo, ya ga tsohon da ya zo daga ƙauye tun asuba, shi ne zai fi tunawa da gida idan ya gama. Mu mata kuma muna da ƙarin dalili, domin mun san iyayenmu mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi abin da yake damunsu idan mace ce a gabansu.

Dalili na huɗu: adalci

Kada a ce ba a bin likita a garin nan. Ana bi. Wanda yayansa likita ne, ko gwaggonsa nas ce, yana jin labarin aikin a gida kullum. Idan an yi hutu yakan raka su. An gaya masa darasin da zai dage a kai, da ranar da ake sayar da fom, da jami'ar da zai zaɓa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ban ga laifinsa ba.

Amma ɗiyar mai sayar da kifi fa? Ɗan manomin da ya zo daga ƙauye yana zaune a gidan kawunsa fa? Wataƙila sun fi kowa ƙwaƙwalwa a aji, amma ba za su iya tunkarar likita su ce, "Ranka ya daɗe, ina so in ga aikinka" ba. Ko ƙofar ofishin ba za su kai ba. Idan aka bar abin a hannun kowa ya nema wa kansa, masu hanya ne kaɗai za su samu. Idan makaranta ce ta rubuta takarda da hatiminta, to ɗan kowa zai shiga a layi ɗaya. Makarantar gwamnati ai don wannan aka yi ta.

Maganar takardar shaida

Ko da yake JAMB ba ta nema, takardar shaida tana jiranmu a gaba. Akwai testimoniyal da shugaban makaranta yake bayarwa idan an gama. Jami'o'i da yawa suna neman ta ranar rajista, tare da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wasu har da wasiƙar wani babba da ya san halin ɗalibi. Mai neman tallafin karatu ko gurbi a ƙasar waje ma yakan ci karo da ita. Gwamnatin jiharmu ta sha tura ɗalibai karatun likita a ƙasashe irin su Sin da Sudan, don haka zancen ƙasar waje ba mafarki ba ne ga ɗan Jigawa.

Yadda aka saba, sai lokaci ya ƙure ɗalibi ya fara gudu. A je wurin wani babban mutum da bai taɓa ganin yaron ba, a ce ya taimaka ya sa hannu. Shi kuma don kunya sai ya rubuta, "Yaron kirki ne, mai ladabi da ƙwazo." Maganar da za a iya rubuta wa kowa, ai ba ta shaidi kowa ba.

Sunanta fa shaida. A Islamiyya an koya mana cewa mai shaida abin da ya gani yake faɗa, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Malamar Bayoloji da ta koyar da ke shekara 3 tana iya rubuta cewa ke ce kike tsayawa ki wanke kayan gwaji bayan kowa ya tafi, kuma kin faɗi jarrabawar zango na farko amma kika dage har kika zo ta uku. Nas ɗin da kuka yi mako guda tare tana iya cewa ba ki taɓa makara ba, kuma kina gaishe da masu shara kamar yadda kike gaishe da likita. Wannan takardar ta fi ta mai babban suna nauyi, domin gaskiya ce, kuma ke kaɗai ta dace da ita.

Ga mu ɗalibai, neman takarda yana da ladabi. A nema da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A je da kai, a yi sallama, a gaisa, kada a aiko ƙane. A faɗi inda za a kai ta da ranar da za a rufe karɓa. A kai sakamakon jarrabawa don malam ya tuna. Idan ya ce bai san ka sosai ba, kada ka yi fushi, gaskiya ya faɗa maka, ka nemi wanda ya san ka. Idan an rubuta, a dawo a yi godiya, a kuma dawo a faɗi yadda aka ƙare. Mafi muhimmanci, abin da za a rubuta a kanka bayan shekara huɗu, yau kake rubuta shi da halinka a cikin aji.

Abin da masu ja za su ce

Za su ce mara lafiya yana da sirri. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya fi komai nauyi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya ba da izininsa ba. Garinmu kuma kowa ya san kowa. Idan ɗalibi ya ga maƙwabciyarsu a asibiti ya je ya baza a unguwa, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Don haka dole a nemi izinin mara lafiya tukuna, idan ya ce a'a, a fita ba gardama. Ba waya, ba hoto, ba kiran suna. Ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata ba wurinmu ba ne. Wanda ya kasa riƙe bakinsa a cire shi, domin ya nuna da kansa cewa aikin bai dace da shi ba.

Za su ce za mu ɗauko cuta. Shi ya sa ma'aikatan asibiti ne za su zaɓi inda za mu tsaya, ba mu ba. Wanke hannu da sa takunkumi su ne darasin farko.

Za su ce likitoci aiki ya yi musu yawa. Haka ne. Ba muna neman a koyar da mu ba ne, kuma ba aji guda za a kwasa a kai ba. Mutum biyu ko uku, awa biyu, lokacin hutu, tare da malami.

Za su ce iyaye ba za su bar 'ya'yansu mata ba. A rubuta wa iyaye takarda su sa hannu, mata su tafi da malama, su tsaya wurin ma'aikata mata. Uban da yake so matarsa ta samu likita mace, ai ya san daga cikin 'ya'yan mutane za ta fito.

Za su ce mun yi ƙanƙanta. Na yarda ɗan shekara 13 ba zai bi likita zagayen marasa lafiya ba. Amma a ƙarshen aji uku ake raba mu, wannan kimiyya, wannan adabi, wannan kasuwanci. Idan mun isa a ce mu zaɓa, mun isa a nuna mana abin da muke zaɓa.

Roƙonmu

Ga shugaban makaranta da malamin ba da shawara, muna roƙon abu huɗu, kuma ba wanda yake cin kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, kowane zango a gayyato ma'aikacin lafiya ɗaya, musamman tsofaffin ɗalibai, ya yi mana bayani a filin taro, mu yi masa tambayoyi. Kada kullum ya zama likita. A kawo ungozoma, a kawo mai gwajin jini.

Na biyu, 'yan aji uku su kai ziyara ƙaramin asibitin da ke kusa, rukuni rukuni, ranar rigakafi ko ranar auna nauyin yara, da izinin hukumar asibitin.

Na uku, a haɗa kai da manyan sakandare da ƙungiyar iyaye da malamai a nema wa 'yan ajin kimiyya izinin bin ma'aikata na 'yan kwanaki a dogon hutu. A liƙa sanarwar a allo kowa ya gani. Idan masu so sun yi yawa, a yi ƙuri'a a gaban kowa.

Na huɗu, kowane malamin aji ya ajiye littafi guda, ya riƙa rubuta layi ɗaya ko biyu a kan kowane ɗalibi a ƙarshen zango. Mun san muna da yawa, ba za a iya riƙe mu duka a ka ba. Amma da wannan littafin, ranar da aka zo neman shaida akwai abin da za a duba.

Ga 'yan uwana ɗalibai kuma, kada mu zauna jira. Idan an aike ka raka ƙanenka allura, buɗe idonka ka ga yadda ake aiki, ba tare da leƙen abin da bai shafe ka ba. Idan kakarka ba ta da lafiya, kai ne za ka tuna mata lokacin shan magani. Wanda ba ya iya jinyar na gida, da wuya ya iya ta bare. Matambayi kuma ba ya ɓata.

Wanda yake da wani ra'ayi daban, ya rubuto ya ba sakataren ƙungiya, za mu liƙa a wannan allon mako mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa malamanmu da alheri, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani.